ALLURAR ƊORIN ƘASHI: INA AKA KWANA?

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, ko na Inugu, ko na Dala a Kano, ya san irin mutanen da ke kwance a can. Ga ɗan acaɓa da mota ta banke, ga ɗan dako da buhu ya danne a kasuwar Mile 12, ga yaron mota da ya faɗo daga saman tirela, ga mahaucin da sa ya make a mayankar Agege. Yawancinsu da zarar an daidaita ƙashin an ɗaure, bayan wata biyu ko uku sai su miƙe su koma nema. Amma akwai waɗanda wata shida za ta wuce, wata tara ta wuce, in an ɗauki hoton ƙashin sai a ga har yanzu bakin karayar yana nan a buɗe. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin karaya 100, tsakanin 5 zuwa 10 kan yi jinkirin haɗuwa ko kuma su ƙi haɗuwa sam.

Ga mutumin da ya baro gida ya zo Kudu neman abin da zai aika wa iyali, ƙafarsa ita ce jarinsa. Shekara guda a kan sanda na nufin babur ya tafi, kuɗin haya ya taru, 'yan'uwa a zango sun gaji da karo-karo. Saboda haka in irin wannan mutum ya ji labarin wai Turawa sun gano wata allura da ake yi wa ƙashi ya tsiro, dole ya kasa kunne. To, labarin yana da tushe, amma akwai bukatar a rarrabe abin da ya tabbata a jikin mutane da abin da har yanzu yake a ɗakin gwaji.

ƘASHI MAI RAI NE

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙashi kamar busasshen ice ne da aka kafa nama a kansa. Ba haka abin yake ba. Ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi suna da hanyoyin jini, suna kuma da ma'aikata iri biyu, masu rushe tsohon ƙashi da masu gina sabo, suna aiki dare da rana, har cikin shekara goma kusan duk ƙasusuwan mutum sun sabunta. Wajen kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi wani ma'adini ne da ake kira kalsiyam fosfet, shi ke ba shi tauri. Ragowar kuwa akasari zare-zare ne masu danƙo, irin abin nan da ke sa romon ƙafar sa ya daskare idan ya kwana.

In ƙashi ya karye, jini ke fara taruwa a wurin ya daskare. Daga nan sai guringuntsi ya tsiro ya haɗa bakin biyu, sannan a hankali ya rikiɗe ya zama ƙashi. Shi ne ƙullutun da akan ji a wurin tsohuwar karaya. Watau aikin maɗori da na likita duk ɗaya ne a nan, su daidaita su kuma hana motsi, jiki ne ke yin ɗorin. Abin da ya sa ke nan ɗorin gargajiya yakan ci nasara a karaya mai sauƙi.

Inda gizo ke saƙar shi ne in an rasa wani yanki na ƙashin, ko ya farfashe ya zube a kan titi, ko likita ya yanke shi saboda ruɓa ko ciwon daji, ko kuma hanyoyin jinin wurin sun mutu. In giɓin ya yi faɗi, masu ginin ba su da abin takawa su tsallaka, sai tsoka da tabo su cike wurin. Maganin da aka fi dogara da shi har yau shi ne a yanko ƙashi daga kwatangwalon marar lafiyan a dasa a giɓin. Yana aiki ƙwarai, kuma an ƙiyasta ana yin dashen ƙashi iri-iri fiye da sau miliyan 2 a duniya kowace shekara. Illarsa ita ce tiyata biyu ake yi wa mutum maimakon ɗaya, wurin da aka yanko kan daɗe yana ciwo, sannan abin da za a iya ɗiba ba shi da yawa. Akwai kuma dabarar likitan nan na Rasha, Gavriil Ilizarov na garin Kurgan, inda ake kafa wa ƙafa zobban ƙarfe ana jan ƙashin milimita ɗaya kowace rana har ya cike giɓin. Ita ma tana aiki, sai dai mutum zai yi watanni yana yawo da ƙarafa.

Wannan wahala ce ta sa masana suka fara tunanin ko za a iya dama wani abu mai ruwa-ruwa, a zuba shi ta bakin allura, ya bi lungu-lungun giɓin ya cika, ya daskare a ciki, sannan ya zama ƙashi.

IRIN DA KE CIKIN ƁARGO

Abu na farko da ake bukata shi ne iri. A shekarun 1960 zuwa 1970 wani masani a birnin Mosko, Alexander Friedenstein, ya gano cewa cikin ɓargo, ban da ƙwayoyin da ke yin jini, akwai wasu 'yan kaɗan masu manne wa gindin kwanon gwaji su hayayyafa, kuma in an dasa su a jikin dabba sai su yi ƙashi. A 1991 Arnold Caplan na birnin Cleveland a Amurka ya raɗa musu sunan da ya bi duniya. Su ne wani reshe na abin da ake ji a rediyo ana kira sitem sel, watau ƙwayoyin asali, waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba, suna iya zama ƙashi, ko guringuntsi, ko kitse. Ba su da yawa ko kaɗan. Cikin ƙwayoyin ɓargo 10,000 zuwa 100,000 da ƙyar a sami ɗaya, kuma suna raguwa in mutum ya manyanta.

Tun kafin a iya ƙirga su sosai likitoci suka fara gwadawa. A 1991 John Connolly a Amurka ya ba da rahoton zuƙo ɓargo daga kwatangwalo da allura, ya zuba shi kai tsaye a karayar ƙwauri 20 da suka ƙi haɗuwa, 18 suka haɗu.

Wanda ya fito da abin fili sosai shi ne Philippe Hernigou na asibitin Henri Mondor da ke Créteil, a gefen birnin Faris. Shi yakan zuƙo ɓargo wajen mililita 300, kusan cikin kwalbar lemo ke nan, ya sa a wani inji mai juyawa da sauri, kamar yadda ake kaɗa nono a fitar da mai. Sai ya rage ya koma mililita 50 mai kauri, daga ciki ya zuba 20, watau cokalin shayi huɗu, a bakin karayar. A 2005 ya buga sakamakon mutum 60 masu karayar ƙwauri da ta ƙi haɗuwa. Mutum 53 sun warke. Abin lura shi ne da aka duba bakwai ɗin da ba su warke ba, sai aka tarar ɓargon da aka zuba musu yana da ƙarancin iri, ƙwayoyin asali wajen 19,000, alhali waɗanda suka warke sun sami wajen 55,000. Ashe yawan irin ne ke yanke hukunci.

Amma fa a lura da irin mutanen da ya zaɓa. Babu mai mugunya ko ruɓa a cikinsu. Ba a zuba iri a wurin da ƙwayoyin cuta suka yi gida, ba a kuma zuba shi a ƙashin da ke lilo ba a ɗaure shi ba.

MASU CIWON SIKILA

A nan ne wannan bincike ya taɓo gidajen ƙasar nan kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar yara wajen 150,000 masu ciwon sikila a Nijeriya kowace shekara, babu ƙasar da ta kai ta. Ɗaya daga cikin masifun wannan ciwo shi ne toshewar hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, wannan dunƙulen da ke juyawa cikin ramin kwatangwalo. In jini ya daina zuwa sai ƙashin ya mutu daga ciki. Da farko ciwo ne kawai a matsematsi ko ɗuwawu, wani lokaci har gwiwa. Daga baya dunƙulen ya rufta kamar rufin soron da azararsa ta ruɓe, saurayi ko budurwa su koma ɗingishi, ba sauran magani sai a sa musu ƙugun ƙarfe.

Hernigou, wanda ke ganin masu sikila da yawa daga Afirka da tsibiran Karibiyan, ya riƙa huda ƙashin da ya mutu da siririn ƙarfe yana zuba tataccen ɓargo a ciki. A 2002 ya ba da rahoton ƙugu 189 na mutum 116, masu sikila da waɗanda wasu dalilai suka jawo musu ciwon, an bi su shekara 5 zuwa 10. Cikin ƙugu 145 da aka yi wa aikin kafin ƙashin ya rufta, 9 ne kaɗai suka bukaci ƙugun ƙarfe. Cikin 44 da aka yi wa bayan ya rufta kuwa, 25 sai da aka sauya su. A jihar Bahia ta ƙasar Birazil, inda jikokin mutanen Afirka ta Yamma suke da yawa, Gildasio Daltro da abokan aikinsa sun yi wa masu sikila 89 irin wannan aiki, suka buga a 2015 cewa bayan shekara biyar yawancinsu ciwo ya ragu, ƙashin kuma bai ci gaba da lalacewa ba.

Kada a rikita wannan da dashen ɓargo da ake yi don raba mutum da sikila ɗungurungum, wanda aka fara yi a Nijeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, aka kuma yi a na Idi-Araba a Ikko a 2024. Wancan ɓargon wani ake sa wa marar lafiya don a sauya masa jini. Wannan kuwa nasa ne ake ɗiba a mayar masa a wurin da ƙashi ya mutu, kuma bai taɓa sikilar kanta.

INDA ZA A SHUKA

Ruwan ɓargo yana da rauni guda: ba ya tsayawa. In giɓin ƙarami ne ya isa, amma in rami ne babba sai ya malale ya bi jiki. Ga kuma wata matsala da aka daɗe ba a kula da ita ba, ita allurar kanta tana kashe ƙwayoyin. A 2012 masana a jami'ar Stanford sun matsa ƙwayoyin halitta ta siririyar allura cikin ruwan gishiri, suka ga wajen huɗu cikin goma sun fashe. Da suka sa su cikin wani abu mai kauri-kauri sai kusan tara cikin goma suka fito da rai. Saboda haka ana bukatar abin da zai goya ƙwayoyin, ya riƙe su a wurin, ya zama musu abin takawa, sannan ya narke a hankali yayin da sabon ƙashi ke maye gurbinsa.

Neman irin wannan abu ya daɗe. Tun 1892 wani likita a Jamus, Dreesmann, ya cike ramukan ƙashi da farin garin nan da ake yin filastar karaya da shi. Wajen 1960 John Charnley a Ingila ya shahara da wani simintin roba da yake kafa ƙugun ƙarfe da shi, a 1984 kuma likitoci biyu a Amiens ta Faransa, Galibert da Deramond, suka fara ɗura shi ta allura cikin ƙashin baya. Har yau ana amfani da shi, sai dai yana yin zafi ƙwarai lokacin da yake daskarewa, ba ƙwayar da za ta rayu a ciki, kuma ba ya narkewa har abada.

Ci gaba na sosai ya zo ne daga likitancin haƙori. A shekarun 1980 Walter Brown da Laurence Chow a Amurka suka haɗa garin kalsiyam fosfet wanda in an dama shi sai ya yi kamar man goge haƙori, ya daskare cikin mintoci ba tare da zafi ba, ya koma irin ma'adinin da ke cikin ƙashi. A 1996 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da shi a ƙashin kai da fuska. Yanzu akwai irinsa da yawa a kasuwa, likitoci na ɗura su a ramin da karayar wuyan hannu ko ta saman ƙwauri ta bari. Aibinsa shi ne yana da gautsi kamar tukunyar ƙasa, ba ya ɗaukar nauyin mutum shi kaɗai, kuma ƙofofinsa ƙanana ne, jini ba ya ratsa shi da sauri.

Ɗaya ɓangaren kuma su ne abubuwa masu santsi da ke riƙe ruwa, irin daskararren romon da aka ambata. Akwai aljinet da ake tatsa daga ciyawar teku, akwai kitosan daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande, wanda za a iya haɗa shi ya zauna ruwa a cikin kwalba amma ya daskare da ya ji ɗumin jiki, akwai kuma fibirin, abin da ke sa jini ya daskare. Ƙwayoyin asali suna jin daɗin zama cikinsu, amma ba su da ƙarfin komai.

A 2010 Hockin Xu da abokan aikinsa a jami'ar Maryland suka haɗa biyun. Sun ɗebi ƙwayoyin asali daga igiyar cibiyar jarirai, wadda da ma yarwa ake yi, suka lulluɓe su cikin ƙananan ƙwallayen aljinet kamar ƙwan kifi, suka dama da simintin kalsiyam fosfet da kitosan da wasu zaruruwa masu ƙara ƙarfi. Haɗin ya bi ta allura, ƙwayoyin suka rayu, suka kuma fara ajiye ma'adinin ƙashi. Daga baya suka gyara ƙwallayen yadda za su narke da wuri, su saki ƙwayoyin, su bar ramuka da jini zai bi. Dabara ce mai kyau. Sai dai a kwanon gwaji aka yi ta, daga baya a ƙoƙon kan ɓeraye.

Wasu kuma suna ƙara taki. Tun 1965 Marshall Urist a Los Angeles ya dasa ƙashin da aka cire wa ma'adini cikin tsokar zomo, sai ga sabon ƙashi ya tsiro inda ba a taɓa samun ƙashi ba. Sinadarin da ke ba da wannan umarni, BMP, an yarda da irinsa na masana'anta a Amurka a 2002. Yana da ƙarfi, har ya kan wuce gona da iri. A 2008 hukumar ta yi gargaɗi cewa in an sa shi a ƙashin wuya yana iya kawo kumburin da zai hana numfashi.

ƁERA BA MUTUM BA NE

Me ya hana duk wannan isowa gadon asibiti? Babban dalili shi ne iska. Ƙwayar halitta ba ta rayuwa in ta yi nisa da hanyar jini fiye da kashi ɗaya cikin biyar na milimita, kaurin takarda biyu ke nan. Ramin da ake yi a kan ɓera 'yan milimitoci ne, jini kan ratsa shi da wuri. Giɓin ƙwaurin ɗan acaɓa kuwa yana iya kai tsawon yatsa. Kafin sababbin hanyoyin jini su isa tsakiya, ƙwayoyin da ke can sun mutu. Bincike da yawa ya nuna akasarin ƙwayoyin da aka dasa ba sa daɗewa, amfaninsu ya fi yawa wajen sakin sinadaran da ke kiran ma'aikatan jiki su zo. Shi kansa Caplan a 2017 ya nemi a sauya sunan da ya raɗa, don ya ga ana amfani da shi ana yaudarar marasa lafiya.

A jikin mutane an sami nasara, an kuma sha ƙasa. A 2001 Rodolfo Quarto da Ranieri Cancedda na Genoa a Italiya sun cike giɓin santimita 4 zuwa 7 a mutum uku, da ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji aka ɗora kan tangaran mai ƙofofi. A wani gwaji na ƙasashen Turai da Enrique Gómez-Barrena na Madrid ya jagoranta, mutum 26 cikin 28 ƙashinsu ya haɗu cikin shekara guda. Amma duka biyun da tiyata aka sa, kuma sai da aka yi makonni ana rainon ƙwayoyin a ɗaki mai tsananin tsabta, abin da ke cin kuɗi mai yawa. A Koriya ta Kudu da Indiya hukumomi sun yarda da allurar ƙwayoyin ƙashi na marar lafiyan kansa da aka raina. A Beljiyam kuwa kamfanin Bone Therapeutics ya dakatar da babban gwajinsa na mutuwar kan ƙashin cinya a 2018, da aka ga ƙara ƙwayoyin bai fi huda ƙashin kawai ba. Hukumar Amurka ba ta ba da lasisin wata allurar rainannun ƙwayoyin asali don haɗa karaya ba.

Wannan bai hana 'yan kasuwa ba. A manyan birane ana tallar garin sha da ƙwayoyin haɗiya da sunan sitem sel, wai suna maganin komai daga sanyin ƙashi har ciwon sukari. Ƙwayar asali abu ce mai rai, ba ta zama cikin leda a kan teburin mai talla, in ma an haɗiye ta ciki zai narkar da ita kamar nama. Allurar da ba a tantance ba kuma tana iya yin ɓarna. A 2017 likitoci a Amurka sun ba da rahoton mata uku a jihar Florida da suka rasa gani bayan an ɗura musu ƙwayoyin da aka tace daga kitsensu a cikin ido.

Abubuwan da ke hana ƙashi haɗuwa kuwa sanannu ne. Karayar da ƙashi ya fasa fata ya fito tana bukatar wanki da maganin ƙwayoyin cuta a asibiti cikin sa'o'in farko. Ɗaurin kara da ya matse har yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, yana kashe naman da hanyoyin jinin da kowane irin dashe zai dogara da su, kuma yana cikin manyan dalilan yanke hannu da ƙafa a asibitocin ƙasar nan. Taba sigari da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba suna jinkirta ɗori. Mai sikila kuma da ya fara jin ciwon ƙugu wanda ya ƙi tafiya bayan tashin ciwon ya lafa, ya nemi ganin likitan ƙashi tun yana tafiya daidai. Hoton eksire yakan fito lafiya lau a farkon mutuwar ƙashi, na'urar MRI ce ke nuna ta da wuri.